Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gane Wayar Da Ke Karɓar Layin eSIM

Fatake da dillalan wayoyin salula, tun daga kasuwar Ikeja ta Ikko har zuwa Farm Centre ta Kano, sun soma cin karo da wata tambaya daga masu saye, wato ko waya tana karɓar layin eSIM. Wanda ya yi sarin kaya ba tare da sanin amsar ba, yana iya ɗaure jarinsa a kan wayoyin da za su daɗe a kanta.

Shi dai eSIM layi ne da aka gina a cikin wayar tun daga masana'anta, ba a cire shi, ba a kuma saka shi. Kamfanin sadarwa ne ke ɗora bayanan layin ta intanet, galibi bayan mai waya ya ɗauki hoton wata alama da aka ba shi. Kamfanin Apple ya fara sa shi a iPhone XS da XR a shekarar 2018, Samsung kuma ya sa shi a jerin Galaxy S20 a 2020. A nan Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba MTN da 9mobile izinin gwada shi a 2020, sa'an nan Airtel ya biyo baya a 2023.

Hanya mafi sauƙi ta bincike ita ce a danna *#06# kamar za a buga waya. Idan bayan lambar IMEI an ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 32 da aka rubuta wa EID, to wayar tana da shi. In ba ta fito ba, kada a yi saurin yanke hukunci. A duba cikin saitunan wayar, sashen layuka, ko akwai wurin ƙara sabon layin eSIM.

Inda 'yan kasuwa suka fi yin kuskure shi ne dogara da sunan waya kaɗai. Wayoyi biyu masu suna ɗaya na iya bambanta saboda ƙasar da aka ƙera su domin ta. Alal misali, iPhone 14 da 15 da aka yi wa kasuwar ƙasar Sin ramin kati biyu gare su, babu eSIM. Na Amurka kuwa, tun daga iPhone 14 a 2022, ba su da ramin kati sam. A 2025 aka faɗaɗa wannan tsari, inda iPhone 17 da ake sayarwa a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa su ma suka fito babu rami. Wannan ya shafi masu sayo kaya daga Dubai kai tsaye, haka kuma alhazan da ke yo tsaraba. Harufan ƙarshen lambar samfurin iPhone suna nuna asalinta: LL/A ta Amurka ce, CH/A kuwa ta Sin.

Akwai kuma batun kulle, wanda a ganinmu ya fi sauran haɗari. Wayoyi da yawa na hannu da ake shigowa da su an saye su ne bashi daga kamfanonin sadarwa na waje, kuma a kulle suke da layin kamfanin. Irin wannan waya za ta nuna EID lafiya lau, amma ta ƙi karɓar layin gida. Da can masu gyara kan yi dabarar sa wani siririn faifai a ƙarƙashin kati, to amma wayar da ba ta da rami ba ta da inda za a sa shi. A iPhone, shafin bayanin waya cikin saituna yana nuna ko a kulle take.

Saboda haka ya kyautu mai sari ya buɗe kwali ya gwada kafin ya biya, ya kuma sa a rubuta lambar IMEI a rasit. Mai saye shi ma ya tuna cewa rajistar eSIM, kamar ta kowane layi, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN.