Mai Lasisin Bindiga A Shingen Bincike: Abin Da Doka Ta Ce Da Yadda Ake Wucewa Lafiya

Shingen bincike wuri ne da jami'an tsaro ke tare hanya da buhunan yashi ko ganguna ko itace domin duba motoci da babura da kayan da suka ɗauko. Wanda ya fito daga Gidan Goga a Ƙaramar Hukumar Maradun zai ci kasuwar Talata Mafara, ko ya nufi Bakura, ko ya hau babban titin Gusau zuwa Sakkwato, ya san ba ya kaiwa inda za shi sai ya ratsa irin waɗannan shingaye, wasu na 'yan sanda, wasu na sojoji, wasu na haɗin gwiwa. Ga yawancin matafiya tsayawar ba ta wuce gaisuwa da leƙa but ba. Ga mutumin da ke ɗauke da bindiga kuwa, ko da ta halal ce, minti biyun nan suna iya zama mafi haɗari a duk tafiyar, domin idon jami'i yana riga ganin bindiga kafin ya ga takardarta.

Dokar da ke tafiyar da mallakar bindiga a Najeriya ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattun makamai: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, bama-bamai, gurneti, da kuma ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba. Waɗannan ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu bindigogin amfanin kai ne, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasisinsu. Kashi na uku shi ne bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka da danginta da aka fi sani da harba-ka-ruga, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.

Wannan rabe-raben shi ne ya bambanta Najeriya da ƙasa kamar Amurka, inda ɗan ƙasa ke iya samun izinin soke ƙaramar bindiga a ƙugu, ya rufe da riga, ya shiga gari. A Najeriya ƙaramar bindiga tana sahun haramtattu, saboda haka lasisin bindigar farauta ba ya halatta ta. Haka nan dokar ta fitar da bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi daga kashi na biyu. Harsashi ma ba a riƙe shi sai bisa sharuɗɗan lasisi.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da kowa ya nema dole a ba shi. Dokar ta hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. Hukuncin riƙe haramtaccen makami ba bisa ƙa'ida ba ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci. Na bindigar kashi na biyu yana kaiwa shekara biyar.

A Zamfara wannan batu ya ɗauki zafi saboda halin da ƙauyuka suka shiga. Gidan Goga kanta ta ga tashin hankali a watan Mayun 2018, lokacin da 'yan bindiga suka kashe sama da mutum ashirin. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi ma ɗan Maradun ne, ta yi kira ga jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a kwana biyu ba Kwamishinan 'Yan Sandan jihar na lokacin, Ayuba Elkana, ya ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan daram, shi kuma Babban Hafsan Tsaron Ƙasa, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni. A watan Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada dakatar da ba da sabbin lasisi. Abin da ya fito fili daga wannan taƙaddama shi ne cewa fom ba lasisi ba ne, kuma takardar hakimi ko katin ƙungiyar mafarauta ko na 'yan banga ba sa maye gurbin lasisin da hukuma ta sa wa hannu. Askarawan Zamfara, wato jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024, tsarinsu daban ne, kuma ba ya shafar wanda ba ya cikinsu.

Shirin zaune ya fi na tsaye, in ji Bahaushe, kuma wucewa ta shinge lafiya tun daga gida take farawa. Mai lasisi yana duba cewa wa'adin takardarsa bai ƙare ba, sunan da ke jiki nasa ne, lambar da ke rubuce ta yi daidai da wadda aka buga a jikin bindigar, kuma harsashin da ya ɗauko bai wuce adadin da aka yarje masa ba. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ɗa ba ya tafiya da lasisin mahaifinsa, ƙane ba ya aron na yayansa. A hanya, abin da ya fi aminci shi ne a cire harsashi, a sa bindigar cikin kubenta ko a naɗe ta, a ajiye ta a but, harsashin kuma a wani wuri daban. Takardar ita ce ya kamata ta kasance kusa, a aljihun gaban riga misali, ba a wuri ɗaya da bindigar ba, don kada miƙa hannu ga takarda ya yi kama da miƙa hannu ga makami.

Idan an iso shinge, direba ya rage gudu tun daga nesa, ya tsaya inda aka nuna masa, ya kashe mota, ya sauke gilashi. Da dare a rage hasken fitilun gaba a kunna ta ciki. Hannaye biyu su zauna a kan sitiyari, fasinjoji su ma su bar nasu a fili. Mai babur ya kashe shi, ya sauke ƙafa, ya bar hannu a kan kambun babur, kada ya taɓa abin da ke rataye a kafaɗarsa. Bayan sallama, tun kafin a fara bincike, sai ya faɗi abin da ke tare da shi a cikin murya mai natsuwa: "Yallaɓai, akwai bindigar farauta mai lasisi a but, cikin kube take, ba harsashi a cikinta. Takardar tana aljihun rigata. In ɗauko?" Daga nan sai ya jira. Idan an ce ya ɗauko, ya ɗauko a hankali. Idan an ce ya buɗe but, ya buɗe ya ja da baya, ya bar jami'in ya ɗauki bindigar da hannunsa.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake. Jami'in da ke tsaye a hanyar Maradun ya san an sha yi wa abokan aikinsa kwanton ɓauna, ya kuma san ana safarar makamai da harsasai cikin buhunan hatsi da ƙarƙashin kujerun mota. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Bindigar da ya gano da kansa a tsakiyar bincike zargi take haifarwa. Wadda aka faɗa masa tun farko tambaya kawai take jawowa. Ko a Amurka, inda jihohi irin su Michigan da North Carolina suka wajabta wa mai izini ya sanar da ɗan sanda da zarar an tsayar da shi, sanarwar kaɗai ba ta isa ba idan hannu na motsi. Ranar 6 ga Yulin 2016, a jihar Minnesota, wani direba mai suna Philando Castile ya shaida wa ɗan sanda cewa yana da bindiga, wadda kuwa yake da izinin riƙewa, amma ɗan sandan ya harbe shi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, yana cewa ya ɗauka bindigar zai zaro. A shekarar 2017 kotu ta wanke ɗan sandan.

Nuna lasisi wajibi ne a dokar Najeriya. Duk ɗan sandan da ya buƙaci ganin takardar, da bindigar ko harsashin da ta shafa, dole a nuna masa, kuma ƙin yin hakan laifi ne mai zaman kansa. Sai dai shi ma jami'in akwai igiya a wuyansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce mai bincike ya kasance cikin kaki ko ya nuna katin shaidarsa, ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki da abin da yake nema da dalilin binciken. Ta kuma ce kamanni ko shekaru ko sutura ko irin askin mutum ba su isa su zama hujjar zargi ba. Wannan sashe yana da nauyi a yankin da akan yanke wa mutum hukunci saboda rawaninsa ko harshensa.

Idan jami'i ya ce zai riƙe bindigar don a tantance, bakin titi ba wurin ja-in-ja ba ne. Mai ita ya nemi a tafi caji ofis, a rubuta nau'inta da lambarta da yawan harsashi, a ba shi shaidar karɓa. Idan kama shi aka yi, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, sannan a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne. Miƙa na goro don a kau da kai laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma yana mayar da mai gaskiya abin zargi. Wanda aka ci wa zarafi yana iya kai kuka ga baturen 'yan sanda na yankin, ko hedikwatar rundunar a Gusau, ko Sashen Karɓar Ƙorafi da rundunar ta kafa a 2015, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Akwai kuma nauyin da ke kan mai lasisi bayan ya bar hanya. Dokar ta ɗora masa alhakin adana bindigarsa, kuma idan ta ɓata ko an sace ta ko ta lalace, sai ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisi cikin kwana 14. A yankin da ɓarayin daji ke kwashe duk makamin da suka samu, bindigar da ba a ba da rahoton ɓatanta ba tana iya dawo wa mai ita da tuhumar laifin da bai ji ba bai gani ba.

Lasisi yana kare mai shi a caji ofis da gaban alƙali. A bakin shinge kuwa, kafin a kai ga karanta takarda, abin da ke kare shi bindiga ce marar harsashi a but, da hannaye biyu a fili, da faɗin gaskiya tun ba a tambaya ba.