Shinkafar Rani a Idon Tauraron Ɗan'adam



Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya iso Kura ko Kadawa, ya san yadda kore ke tarar mutum kwatsam a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Ruwan madatsar Tiga ne ke wannan aiki. To amma kadada nawa ce shinkafa a ciki, nawa ce alkama, nawa ce tumatir? Da can sai malamin gona ya hau babur ya zaga, abin da ya rage kuma a yi kirdado.

Yanzu ana leƙowa daga sama. A 2014 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba tauraron Sentinel-1, mai shawagi kusan kilomita 700 a bisa kanmu, kuma hotunansa kyauta ne. Da na'urar rada yake aiki: ya aiko sigina ƙasa, ya saurari abin da ya dawo. Gajimare ba ya tare shi, hazon hunturu ma haka.

Ga inda dabarar take. Ranar da manomi ya cika fangali da ruwa zai yi dashe, fuskar ruwan sumul take kamar madubi, sai siginar ta zame ta yi gaba, wurin ya fito baƙi ƙirin a hoto. Bayan 'yan makonni shinkafa ta yi 'ya'ya ta rufe ruwan, sigina ta fara dawowa, wurin ya yi haske. Alkama da tumatir ban ruwa ake musu ya tsotse, ba sa kwana cikin ruwa. Saboda haka hoto ɗaya ba ya wadatarwa. Jera su ake yi, daga dashe har girbi.

Sai dai fa tauraron ma ana yi masa shigo-shigo ba zurfi. A dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala tsaye take cikin ruwa, kore shar, har kwamfuta kan lissafa ta a shinkafa. Ga kuma ƙananan fangalinmu: Sentinel-2, ɗan'uwansa mai kyamara da aka harba a 2015, ɗigo guda a hotonsa mita 10 ne kowane gefe, yana iya haɗe shinkafar manomi da albasar maƙwabcinsa.

Shi ya sa har gobe mai bincike kan naɗe wando, ya shiga taɓo da waya a hannu, ya tambaya: "Baba, me aka shuka a nan, kuma yaushe aka yi dashe?"