Turbar bakin Komadugu: hanyar da ke ciyar da kasuwar Diffa

Duk wanda ya yi sammako ranar Talata ya tsaya a bakin garin Diffa, zai ga kasuwa tun kafin ta ci. Mata ne ɗauke da ƙoren nono da kindirmo, ga jakuna da buhunan barkono, ga amalanken shanu cike da albasa da shinkafa. Yawancinsu ba ta kwalta suka biyo ba. Sun fito ne daga ƙananan turbobin da suka bi gaɓar kogin Komadugu, suka haɗa ƙauyuka da garuruwa irin su Shetimari da Geskeru da Boso.

Kogin nan shi ne iyakar Nijar da Najeriya a tsawon kimanin kilomita 150, kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Boso. Ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake zuwa, shi ya sa yake cika bayan damina ta wuce. Ke da kika saba bin hanyar kin san haka: inda kika taka da ƙafa a watan Afrilu, a Nuwamba sai da kwalekwale.

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa, idan jirgin ƙasa ya daina bin wani layi, sai a cire dogon a gyara wurin ya zama hanyar masu ƙafa da keke da doki, a hana mota shiga. Dogo bai taɓa zuwa Diffa ba. Ko wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka buɗe a 2016, bai yi jigilar kayan ƴan kasuwa ba. Amma hanyar tarayya muna da ita tun kaka da kakanni, sai dai ba mu kula da ita.

An san darajarta a 2015. Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Diffa a watan Fabrairun shekarar, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta kuma hana cinikin barkono da kifin tafki. Ƴan kabu-kabu suka ajiye aiki, kuɗin kai kaya ya tashi. Mai ɗan ƙaramin jari ba ta da zaɓi sai ƙafa da jaki. An ɗage haramcin barkono a 2017, na kifi a 2019, amma a shekarar ce kuma Komadugu ya yi ambaliya ya cinye gonaki da hanyoyi.

Matsalar hanyar tarayya ita ce kowa na ganin tasa ce. Manomi ya matso da shinge ya ci gefenta. Makiyayi ya koro garke zuwa mashaya, ya tarar an toshe, dabbobi su faɗa fadamar barkono. Daga nan sai rigima, mai tallar nono ta kwana da kayanta ya lalace. Alhali dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali, ta hana nome shi, kuma akwai kwamitocin kula da filaye da aka ɗora wa alhakin shata iyakarsa.

Tsofaffin matafiya suna da ƙa'idarsu. A fita bayan asuba, a tafi cikin ayari, a riƙe ruwa da katin shaida. Mai amalanke ya kauce wa mai kaya a kai, a jira garke ya wuce, kuma a koma gida kafin magariba. Idan an ce wani yanki ba lafiya, a zagaya, domin hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kira ga magaddan gari da masu gari: a kafa alamomin burtali, a cike wuraren da ruwa ya zaizaye, a dasa itatuwan inuwa. Kuɗin tikitin da ake karɓa kowace Talata, ai ta wannan turba yake shigowa.