Ma'aikaci ko ɗan kwangila: wa zai biya diyya idan tsautsayi ya faɗa?

Kowace safiya, masu shara, masu gadi da direbobi na fitowa daga Kuchigoro, a gefen titin zuwa filin jirgin saman Abuja, suna nufar ma'aikatun tarayya. Da yawansu ba sa cikin jerin albashin gwamnati, domin tun sauye-sauyen zamanin Obasanjo aka miƙa irin waɗannan ayyuka ga kamfanoni masu zaman kansu. Sunan da aka ba mutum a takarda, ma'aikaci ko ɗan kwangila, shi ke nuna wanda zai biya kuɗin inshorarsa.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun hukumar NSITF, kuma ta hana cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, naira 700 ke nan a wata. Kamfanin da ya kira leburorinsa 'yan kwangila yana rage jimillar albashin da yake bayyanawa, kuɗin da zai zuba ma sai ya ragu.

Sai dai dokar ta faɗaɗa ma'anar ma'aikaci har ta haɗa da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da ɗan aikin gida wanda ba dangin maigida ba ne. Wannan ya shafi hadimai da manyan jami'ai masu ɗaukar direba ko kuku da kuɗinsu. Haka kuma, wanda ya bai wa ɗan kwangila aiki yana tarayya da shi wajen alhakin biyan kuɗin. A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ana duba yadda ake biyan mutum, da wanda ya ba shi kayan aiki, da wanda ya tsara masa lokaci.

Diyyar ta haɗa da haɗarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki, abin da ya shafi duk mai ratsa babban titin Kuchigoro da asuba. Wajibi ne a sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7.

Jami'in da ke sa hannu kan kwangilar shara ko gadi, ya nemi takardar shaidar NSITF, ya kuma gwada adadin mutanen da aka biya wa da waɗanda ke zuwa aiki. Rigakafi ya fi magani.