Tirelar jan gumagumai ta haɗin gida: Lissafin nauyi kafin a kunna injin walda

A karkarar jihohin Maine da Vermont da Michigan na Amurka, haka kuma a Kanada da Suwidin da Finlan, akwai ɗimbin iyalai da suka mallaki ɗan dajinsu na kansu. A Suwidin ma kusan rabin dazukan ƙasar yana hannun ɗaiɗaikun mutane ne. Daga waɗannan dazuka suke samun itacen ɗumama gida lokacin hunturu da katakon gyaran shinge da rumbu.

Kayar da bishiya da zarto mai inji ba ya ɗaukar lokaci. Babban aikin shi ne fitar da gungumen daga tsakiyar daji zuwa bakin hanya. Manyan injinan kamfanonin katako sun fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin daji, ga shi suna farfashe ƙasa, suna take ƙananan bishiyoyi.

Shi ya sa da dama suka koma ga babur mai ƙafa huɗu da ake kira ATV, suna haɗa masa tirela da hannunsu a garejin gida.

Tsohuwar dabara, sabon inji

Kamfanin Honda ne ya fito da kakan wannan babur a 1970, mai ƙafa uku. A 1982 Suzuki ya kawo mai ƙafa huɗu. Yawan kifewar masu ƙafa ukun ya sa a 1988 kamfanonin suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Amurka kan daina sayar da sabbinsu, lamarin da ya bar wa mai ƙafa huɗu kasuwa.

Ita kuwa dabarar ɗaga gungume daga ƙasa ta girmi babur ɗin da kusan ƙarni guda. A 1875 wani maƙerin amalanke a garin Manistee na jihar Michigan, mai suna Silas Overpack, ya fara ƙera tagwayen ƙafafun katako masu tsayin kusan mita 3. Ana rataye gumagumai da sarƙa a ƙarƙashin sandar da ta haɗa ƙafafun, dawakai ko shanu su ja. Hakan ya ba masu saran katako damar yin aiki ko ba a lokacin ƙanƙara ba.

Hikimar ita ce gungumen da ake ja a ƙasa yana noma da kansa, yana karo da saiwa da duwatsu, ɓawonsa kuma ya kwashi yashi da ke dakushe haƙoran zarto. Da zarar an ɗaga kansa, nauyin jan sai ya ragu ƙwarai.

Fasali biyu

Masu haɗin gida kan zaɓi ɗaya daga fasali biyu. Na farko shi ne mai siffar baka: a lanƙwasa ko a harhaɗa bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya zama kamar ƙofa, a sa taya a kowace ƙafa, a miƙa doguwar sanda zuwa maɗaurin babur. Ana tura shi ya haye kan gungume, a zarga sarƙa, a ɗaga da ƙaramin winci na hannu. Gungume ɗaya yake ɗauka, amma ba ya buƙatar mai taya lodi.

Na biyu ya fi kama da amalanke: doguwar ƙashin baya ta ƙarfe, da sanduna biyu ko uku a gicciye inda gumagumai za su kwanta, da turaku a gefe da ke hana su mirginowa. Ƙwararru kan sa masa tayoyi huɗu, biyu a kowane gefe, a kan wata sanda mai lilo a tsakiya. Idan tayar gaba ta hau kututture, ta baya na nan a ƙasa, don haka kayan ba sa karkacewa sosai.

Kayan haɗin galibi na bola ne: cibiyar taya da boris daga tsohuwar mota, da ragowar bututu. Tayoyi masu faɗi da ƙarancin iska sun fi dacewa, domin ba sa nutsewa a taɓo.

Lissafin da ake tsallakewa

Ɗanyen itacen oak yana da nauyin kusan kilo 1,000 a kowace kubik mita. Wato gungume mai kaurin santimita 40 da tsawon mita 3 zai kai kilo 380. Uku irinsa sun haura tan guda.

Shi kuwa babur ɗin aiki mai matsakaicin girma, nauyinsa bai wuce kilo 300 da ɗoriya ba, kuma abin da kamfanoni suka yarje wa yawancin irinsa ya ja yana tsakanin kilo 400 zuwa 600, haɗe da nauyin tirelar kanta. Maƙerin da ya jibga ƙarfe mai kauri domin neman ƙarko, ya cinye wani kaso na wannan adadi tun kafin a ɗora itace.

Akwai kuma nauyin da ke sauka a kan maɗaurin babur, wanda littafin kowane samfuri ya ƙayyade, kuma ɗan kaɗan ne. Wurin da aka dasa tayoyin tirela shi ke yanke wannan. Idan sun yi baya da yawa, kayan za su danne bayan babur, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Idan sun yi gaba da yawa, jelar gungume za ta ɗaga bayan babur, tayoyinsa su rasa riƙon ƙasa.

Inda rai ke shiga haɗari

Injin zai iya jan abin da birkinsa ba zai iya tsayarwa ba. Yawancin tirelolin haɗin gida ba su da birki, saboda haka a gangara kayan ne ke tura babur, su karkatar da bayansa har ya kife. Domin gudun haka, masu aiki da fasalin baka kan bar jelar gungumen tana jan ƙasa idan za a sauka, ta zama birki.

Dole ne kuma a ɗaura tirela a maɗaurin da kamfani ya tanada a ƙasa. Wanda ya zarga sarƙa a ragar kaya ta sama, ranar da gungume ya maƙale a kututture, gaban babur ne zai tashi ya rufto masa. Wasu maƙera kan yi maɗauri mai juyawa, ta yadda idan tirela ta tuntsure ba za ta tafi da babur ba.

Hukumar kula da amincin kayayyakin masarufi ta Amurka na ƙirga ɗaruruwan mace-mace a kowace shekara sanadiyyar haɗurran waɗannan babura, kuma kifewa na cikin manyan dalilai.

Saboda haka tsofaffin hannu ke gwada sabuwar tirela a fili da rabin kaya, sannan su bi kowane layin walda da ido, musamman inda sandar ja ta haɗu da jikin tirela, domin nan ne tsagewa ke fara bayyana. Idan hanyar fita tana da gangara, sukan raba lodin gida biyu su yi sawu biyu, ko da rana za ta faɗi ba a gama ba.