Ƙwarƙwata a kan yara: mataji da haƙurin mako biyu sun isa

Sau da yawa mai kitso ce take fara gani. Tana cikin tsaga gashi sai hannunta ya tsaya cak, ta rage murya ta ce da uwar yarinya, "Hajiya, ɗan zo ki duba ƙeyar nan." Uwa ta leƙa, ta ga ɗan ƙwaro yana sulalewa cikin gashi, nan take gabanta ya faɗi. Abin da ya fi damunta shi ne bakin mutane. Maƙwabta za su ji, dangin miji za su ji, a makaranta a riƙa nuna 'yarta da baki ana cewa uwarta ƙazama ce. Don haka take neman abin da zai kawar da matsalar a dare ɗaya ba tare da kowa ya sani ba. A nan ne wata za ta raɗa mata cewa ta samo fiya-fiya ta kwaɓa da man gashi, ta shafa wa yarinyar, ta ɗaure kan da leda har gari ya waye.

Wannan shawara tana kisa. A watan Yulin 2019 jaridun Najeriya sun ba da labarin wata budurwa mai yi wa ƙasa hidima a Jihar Osun da ta rasu bayan ta zuba maganin ƙwari na Sniper a gashinta don ta rabu da ƙwarƙwata. A shekarar ne kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani na gona a kasuwanni da kantuna. Sinadarin da ke cikinsa, wato dikulobos, shi ne ake samu a yawancin fiya-fiyar da ake tallarta a bakin hanya. Yana ratsa fata ya shiga jini, ballantana fatar kan da susa ta riga ta ɗaye, kuma ledar da ake ɗaurawa tana ƙara tura shi ciki. Idan ya iya kayar da babbar mace, ina ga yarinya 'yar shekara 5?

Abin takaicin shi ne ƙwaron da ake ɗaukar wa wannan kasada bai kai ya kawo ba. Babbar ƙwarƙwata tsawonta milimita 2 zuwa 3 ne, kwatankwacin ƙwayar riɗi. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Ƙafafu shida gare ta masu ƙugiya da take damƙar silin gashi da su tana rarrafe. Jinin mutum kaɗai take sha, shi ya sa ba ta zama a jikin akuya ko kyanwa ko kaji. Takan yi kamar kwana 30 a kan mutum, idan kuwa ta faɗo ƙasa ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu take mutuwa don yunwa. Ƙaiƙayin da take sawa daga yawunta ne, wanda fata ke ƙi idan ta yi cizo. Yaron da bai taɓa kamuwa ba yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara susa, don haka yana iya raba wa duk 'yan ɗakinsu ba wanda ya lura. Ban da wannan ƙaiƙayi da hana barci da gyambon da susa ke jawowa, ba a san ƙwarƙwatar kai da yaɗa wata cuta ba.

Kada a haɗa ta da 'yar uwarta mai zama a tufafi. Waccan a bakin ɗinkin riga da wando take ɓuya, tana yawa a inda ake cunkoso ba ruwan wanki, kamar sansanin 'yan gudun hijira da gidan yari, kuma ita tana ɗauko zazzaɓi mai tsanani. Maganinta wanka da wanki da guga. Ta kai kuwa ba ruwanta da tsafta ko rashinta. Kan da ake wankewa kullum da wanda ya yi wata bai ga sabulu ba duk ɗaya ne a wurinta, muddin akwai jini da ɗumi. A Amurka, inda ruwa da shamfu ba su yi wa kowa wuya ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ƙiyasta cewa ana samun kamuwa miliyan 6 zuwa 12 a kowace shekara tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 11. Mu kuma da muka tashi da karatun hadisi mun san labarin sahabi Ka'ab bin Ujra, wanda ƙwarƙwata ta addabe shi a Hudaibiyya yana cikin harami, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi izinin aske kansa ya yi fidiya. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma babu inda aka goranta masa. To mene ne abin ɓoyo ga uwar da 'yarta ta kwaso a Islamiyya?

Hanyar kamuwa guda ce babba: kai ya taɓa kai. Yara sun haɗa kai a kan allo ɗaya ko waya ɗaya, sun kwana a katifa ɗaya, an goya ƙanwa a baya. Aron hijabi da ɗankwali da hula da mataji shi ma yana kawowa, ko da yake bai kai haɗa kai ba.

Duk wanda ya gane lissafin kwanakin wannan ƙwaro ya gama rabin magani. Tamatar tana yin ƙwai kamar 6 zuwa 8 a rana, tana manna kowanne a jikin silin gashi dab da fata da wani irin danƙo da ruwa ba ya narkarwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Ɗan da ya fito yana buƙatar mako ɗaya zuwa kwana 12 kafin ya girma ya fara nasa ƙwan. Yawancin magunguna suna kashe masu rarrafe amma ba sa gamawa da ƙwan duka. Shi ya sa za ki ji uwa tana cewa, "Wallahi na yi magani, ta tafi, bayan sati ta dawo." Ba dawowa ta yi ba, ƙwan da aka bari ne ya fashe. Aikin gaba ɗaya shi ne a kama waɗannan ƙananan kafin su isa yin ƙwai, kuma galibi wannan ba ya yiwuwa a zama ɗaya.

Kafin a sayi komai, a tabbatar ita ce. A zaunar da yarinya a tsakar gida da hasken rana, a tsaga gashin bayan kunne da na ƙeya, don nan ta fi son yin ƙwai. Amosani idan aka hura shi ko aka kaɗa da yatsa sai ya tashi. Ƙwan ƙwarƙwata yana nan daram, sai an kama shi da farce an ja shi har ƙarshen silin. Mai ɗa a ciki launinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, wanda ya riga ya fashe kuwa fari ne fayau. Tunda gashi yana tsawo kamar santimita 1 a wata, ƙwan da aka gani can nesa da fata galibi tsohon ɓawo ne, ko da yake a ƙasa mai zafi akan samu mai rai a ɗan nesa. Hujjar da ba ta da gardama ita ce a ga mai rai tana tafiya. Idan ba a gani ba, kada a ɗora wa yaro magani.

Ga yaro namiji abin da sauƙi: aski tal-kwabo ya raba gardama, da sharaɗin a sa sabuwar reza. Yarinya kuwa ban ga dalilin aske mata kai ba. Kukan da za ta sha da tsokanar ƙawaye sun fi ƙaiƙayin ciwo, alhali mataji zai yi aikin.

Matajin da ake nufi shi ne na ƙwarƙwata, mai haƙora a matse ƙwarai, wanda ake samu a kemis. Na ƙarfe ya fi jure gashinmu. A busasshen gashi mai murɗe ba zai shiga ba, sai dai a yi ta kokawa da yarinya a banza. Sai an tsefe kitson tas, an wanke kan, sannan a lafta masa man laushin gashi, wato kwandishina, har ya yi santsi sosai. Santsin yana hana ƙwaron gudu, yana kuma ba matajin hanya. A fara da babban mataji a warware gashin, a raba shi gida-gida, a ɗaure kowane gida. Sai a kwance ɗaya, a ɗauki ɗan siririn yanki, a kafa matajin ƙwarƙwata a gindin gashi har ya taɓa fata, a ja a hankali zuwa ƙarshe. Kowane ja ɗaya a goge haƙoran a farin ƙyalle a duba. Za a ga manya suna motsi cikin farin man, a ga ƙanana da ƙyar ido ke kama su. A tsoma ƙyallen cikin ruwan zafi. Gashi mai cika yana iya cin awa ɗaya ko fiye, don haka a nemi lokacin da yarinya ta ƙoshi, a ba ta abin da zai ɗauke mata hankali, idan ta gaji a huta. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar a yi wannan tajewa a rana ta 1 da ta 5 da ta 9 da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Ratar kwana huɗun nan ita ce sirrin: duk ɗan da ya ƙyanƙyashe za a kama shi kafin ya balaga. A tsawon waɗannan kwanaki a haƙura da ƙananan kitso, a kama mata manya guda huɗu ko shida da za a kwance cikin minti kaɗan.

Wadda ba ta da wannan sukunin tana iya haɗawa da maganin kemis. Mafi sanuwa shi ne fametirin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Ana wanke kai da shamfu zalla ba kwandishina, don shi yana hana maganin kama gashi, a tsane ruwan, a shafa ko'ina har ƙeya, a bar shi minti 10, a ɗauraye, sannan a maimaita a rana ta 9 ko ta 10. Sai dai ƙwarƙwata ta fara sabawa da shi a ƙasashe da dama. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya tattara ta daga jihohi 48 na Amurka, ya tarar kusan duka tana ɗauke da canjin halitta da ke rage wa maganin ƙarfi. Saboda haka idan an bi ƙa'ida sau biyu aka ci gaba da ganin masu rai, ƙara yawan maganin ba zai yi amfani ba, canza shi za a yi. Akwai dimetikon mai kashi 4 cikin 100, wanda ba guba ba ne, lulluɓe ƙwaron yake yi har ya mutu; ana barinsa awa 8 ko ya kwana, a maimaita bayan kwana 7. Akwai malatiyon, akwai kuma ƙwayar ibamektin da likita kaɗai ke rubutawa, kuma ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba. Wasu daga cikin na shafawar suna kama wuta, kada a bar yarinya kusa da murhu ko fitila da su a ka. Tsohon maganin nan lindan a ƙyale shi, yana taɓa ƙwaƙwalwa har ya sa jijjiga. Yaron da bai kai shekara 2 ba, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai asma, su tsaya ga mataji ko su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Man zaitun da man shanu da basilin da ruwan tsami fa? An gwada su a wani bincike na 2004, babu wanda ya gama da ita. Basilin ne ya ɗan taɓuka, shi ma wanke shi daga gashi aiki ne. Ƙwarƙwata tana iya toshe ƙofofin numfashinta ta yi awoyi kamar ta mutu, daga baya ta farfaɗo. Man kaɗanya ko na kwakwa yana da amfani wajen sa mataji ya wuce, iyakarsa ke nan. Kananzir da fetur kuwa suna ƙona fatar kai, kuma tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya tashi gobara a kan yarinya.

Gida ba ya buƙatar feshi. A duba kan kowa a rana ɗaya, har uwa da mai raino, a yi wa duk wanda aka samu magani lokaci guda. Rigar matashin kai da zanen gado da hijabi da hular da aka yi amfani da su cikin kwana 2 da suka wuce a wanke su da ruwa mai zafi sosai a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako 2. Mataji da matsefi a jiƙa su a ruwan zafi minti 10.

Idan an riga an shafa wa yaro fiya-fiya, kada a jira. Alamun gubar su ne dalalar yawu, zufa, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, numfashi sama-sama da jijjiga. A cire masa kayan jikinsa, a wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa ana kare idonsa, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san abin da yake yaƙa. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. Akwai allurar da ke karya gubar, amma tana son a zo da wuri. Haka nan idan susa ta zama gyambo mai ruwa ko mugunya, ko kaluluwa ta fito a wuya, ko zazzaɓi ya shigo, wannan ya wuce aikin gida.

Saura malamai da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa bai kamata a hana yaro zuwa aji saboda ƙwarƙwata ko ƙwanta ba, kuma ina ganin gaskiyarsu: ranar da aka gano ta a kan yarinya, ta riga ta yi makonni tana zama da ita cikin 'yan ajin. Fito da ita gaban layi ko kora ta gida ba ya kare kowa, sai dai ya koya wa sauran su ɓoye nasu. Idan aka ga ta ɓulla a aji ko a ɗaki, a sanar da iyayen yaran gaba ɗaya a rana ɗaya ba tare da an kama sunan kowa ba, a gaya musu kwanakin tajewa, domin kowane gida ya fara tare ya gama tare.