Yadda ƙaramin shafin intanet zai fito a sahun gaba idan aka yi bincike a Google

Duk ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin hayar shagon da ke bakin hanya ya fi na wanda ke ƙuryar layi, ko da kayan da ke cikinsu iri ɗaya ne. Dalili shi ne mai wucewa yana fara cin karo da na bakin hanya, sau da yawa kuma a nan yake ƙare cinikinsa. Haka lamarin yake a intanet. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema a Google, sakamakon da ya fara bayyana shi ne bakin hanya, kuma ƙalilan ne ke da haƙurin leƙa shafi na biyu.

Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi da yawa ke kashe kuɗi a gina musu shafi, amma a shekara babu wanda ya kira waya ya ce a can ya gan su. Aikin gyara shafi domin manhajojin bincike su gane shi, su kuma nuna shi ga masu nema, shi ake kira SEO a taƙaice. Mafi yawan matakansa na farko ba sa bukatar kuɗi. Abin da suke bukata shi ne fahimta da naci.

Yadda Google ke zaɓen abin da zai nuna

Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a duniya ta Google ake yin sa, saura kuma su Bing na kamfanin Microsoft ne ke rabawa. Larry Page da Sergey Brin ne suka kafa kamfanin a 1998, lokacin da suke ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke Amurka. Dabarar da suka zo da ita, mai suna PageRank, tana kallon mahaɗin da wani shafi ya sanya zuwa ga wani a matsayin shaida. Shafin da amintattun shafuka suka fi nunawa, shi ne ke samun daraja.

Aikin yana da matakai uku. Da farko wata manhaja mai suna Googlebot tana zagaya intanet dare da rana, tana bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan. Na biyu, abin da ta karanto ana tace shi a adana a wani katafaren rumbu. Na uku, idan mutum ya yi tambaya, sai a zaƙulo amsoshi daga rumbun a jera su bisa dacewarsu da tambayar, da ingancinsu, da harshen mai tambayar da kuma inda yake. Shafin da bai shiga rumbun ba, ba zai taɓa fitowa ba, komai kyansa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwaji. Mai shafi ya rubuta site: a akwatin bincike, ya liƙa adireshin shafinsa a gaba ba tare da barin tazara ba. Idan babu abin da ya fito, to Google bai san da zamansa ba, ko kuma wani abu ya tare hanya. A manhajar WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita, akwai wani ɗan akwati da ke umartar manhajojin bincike su kauce wa shafin. Masu gini kan kunna shi yayin aiki, wani lokaci kuma su manta ba su kashe ba bayan sun miƙa shafin.

Yana da kyau a bambance sakamakon da aka biya kuɗi da wanda ba a biya ba. Waɗanda ke fitowa a can sama ɗauke da alamar talla, kuɗi aka biya, kuma ranar da kuɗin ya ƙare za su ɓace. Sauran jerin ba a sayen gurbi a cikinsa, kuma a kansa ne aikin SEO yake.

Harshen mai saye

Matakin farko shi ne sanin kalmomin da mutane ke rubutawa. Mai neman kaya ba ya rubuta sunan kamfanin da bai taɓa ji ba. Bukatarsa yake rubutawa, kamar farashin shadda a Kano, ko mai gyaran sola a Kaduna, ko makarantar kwana ta 'yan mata a Zariya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya cika shafinsa da tarihin kamfani da hoton shugaba, amma bai ambaci atamfa da leshi da shadda da sunayensu ba, ya rufe wa kansa ƙofa.

Ana iya gano waɗannan kalmomi kyauta. Idan aka fara rubutu a akwatin Google, yana kawo shawarwarin ƙarasa jimla, waɗanda ke nuna abin da jama'a suka saba nema. A ƙasan sakamako ma akwai jerin tambayoyi makamanta. Manhajar Google Trends kuma tana nuna lokacin da neman wani abu ke tashi da sauka, abin da zai amfani mai sayar da kayan azumi ko na sallah ko na komawa makaranta. Tambayoyin da abokan ciniki ke maimaitawa a shago da WhatsApp su ma taska ce, domin kowace tambaya tana iya zama maudu'in shafi guda.

Ƙaramin shafi ba zai iya ja da manyan kantunan intanet a kan kalma ɗaya tilo kamar "waya" ko "takalmi" ba. Inda yake da dama shi ne dogayen jimloli masu fayyace bukata da wuri. Masu rubuta irin wannan jimla ba su da yawa, amma galibi sun riga sun yanke shawarar saye.

Ga masu rubutu da Hausa akwai wata dama, akwai kuma abin lura. Rubutun Hausa a intanet bai kai na Ingilishi yawa ba, don haka gasar ba ta yi tsanani ba, kuma bayani mai kyau kan yi saurin fitowa. Abin lurar shi ne mutane da yawa ba sa sanya haruffa masu lanƙwasa idan suna bincike a waya, wasu kuma suna gauraya Hausa da Ingilishi. Ya dace mai shafi ya gwada kalmarsa ta kowace siga ya ga abin da ke fitowa. Wanda ke son harsunan biyu kuwa, shawarar Google ita ce kowane harshe ya samu shafinsa da adireshinsa daban.

Gyaran cikin gida

Kowane shafi yana da take, wato layin da ke fitowa da manyan haruffa a sakamakon bincike. Shi ne allon ƙofar shago. Ya kamata ya faɗi abin da ke ciki da kuma gari, a cikin haruffa kimanin 60, domin abin da ya wuce haka akan datse shi. Take irin su "Barka da zuwa" ba ya gaya wa kowa komai. A ƙarƙashinsa akwai gajeren bayani na layi biyu, wanda bai kamata ya wuce haruffa kimanin 160 ba. Bayanin ba ya ɗaga matsayin shafi kai-tsaye, amma shi ke jan hankalin mai karatu ya danna.

Kowane kaya ko aiki ya samu shafinsa. Dillalin hatsi a Dawanau da ya ware shafi ga riɗi, wani ga zoɓo, wani ga waken suya, tare da bayanin nauyin buhu da mafi ƙarancin abin da ake saya da yadda ake kai kaya, ya fi wanda ya tara komai wuri ɗaya samun damar fitowa.

Sannan a rubuta bayani da haruffa na zahiri. Ɗabi'ar ɗaukar hoton takardar farashi ko sanarwar ofis a ɗora ta haka nan tana rage amfanin shafi, saboda manhajar bincike ta fi gane rubutu a kan hoto. Wannan ya shafi ma'aikatu da makarantu musamman, inda ake ɗora sanarwar ɗaukar aiki ko ta jarrabawa a matsayin hoto, jama'a su yi ta nema ba su gani ba, har 'yan damfara su cike gurbin da shafukan bogi. Hotunan da aka sanya kuma a raɗa musu suna mai ma'ana, a haɗa da gajeren bayanin abin da ke cikinsu, wanda makafi masu amfani da manhajar karatu ma ke dogaro da shi.

Waya, sauri da tsaro

Tun a watan Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya, kuma a watan Oktoban 2023 ya sanar da cewa ya kammala komawa auna shafuka da sigarsu ta waya. A Najeriya, inda mafi yawan jama'a da waya suke shiga intanet, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Mai shafi ya buɗe shi a ƙaramar waya da datar da ya saya, ya ga ko rubutun na karantuwa, ko lambar waya na dannuwa.

Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Abin da ya fi nauyaya ƙananan shafuka shi ne hotunan da aka ɗora kai-tsaye daga kyamara ba a rage girmansu ba. Suna cinye datar baƙo, su kuma kore shi kafin ya ga kaya. Manhajar PageSpeed Insights tana auna saurin shafi kyauta, ta kuma lissafo abin da ke bukatar gyara.

Batun tsaro ma yana da tasiri. A 2014 Google ya sanya adireshi mai farawa da https cikin abubuwan da yake dubawa, kuma daga Yulin 2018 manhajar Chrome ta fara yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro. Ana samun takardar shaidar wannan tsaro kyauta daga Let's Encrypt, kuma kamfanonin ajiye shafuka da dama suna haɗawa da ita.

Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, yana nuna wa manhajar bincike cewa shafin na Najeriya ne. Ko wane iri aka zaɓa, a tabbatar an yi rajistar da sunan mai kasuwancin, ba da sunan wanda ya gina shafin ba, a kuma riƙa sabunta ta kafin wa'adinta ya cika. Adireshin da ya suɓuce yana tafiya ne da duk darajar da aka tara masa.

Taswira da shaidar jama'a

Ga mai shago ko asibiti ko gidan abinci, rajista a Google Business Profile na iya fin komai saurin amfani. Kyauta ce, kuma ita ke sa kasuwanci ya fito a taswira tare da lambar waya da lokutan buɗewa da hotuna. Suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina, daga shafin har Facebook da Instagram. Ra'ayoyin abokan ciniki na gaskiya suna ƙara daraja, amma sayen yabon ƙarya ya saɓa ƙa'ida, kuma yana iya jawo a goge su ko a dakatar da rajistar.

Mahaɗai daga wasu shafuka har yanzu suna da nauyi. Hanyar samun su ita ce ta halal: ƙungiyar 'yan kasuwa da mutum ke ciki, kamfanin da yake wa dillanci, ko jaridar da ta ba da labarin aikinsa. Mahaɗi ɗaya daga sanannen shafi ya fi ɗari daga shafukan da ba a san asalinsu ba.

Hattara da masu alƙawarin dare ɗaya

Google da kansa ya yi gargaɗin cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya zo da irin wannan alƙawari, ko ya ce yana da ɗan'uwa a cikin kamfanin, abin a yi taka-tsantsan da shi ne. Tsofaffin dabaru irin su cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi, da kwafo rubutun wasu, da sayen dubban mahaɗai, an daɗe da toshe su. Sauyin da aka yi wa laƙabi da Panda a 2011 ya karya shafuka marasa ingancin rubutu, na Penguin a 2012 kuma ya bi ta kan masu mahaɗan bogi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma shafin da aka hukunta yana iya shafe watanni bai farfaɗo ba.

Hanyar sanin ko aiki na tafiya ita ce Google Search Console, wadda ita ma kyauta ce. Tana nuna kalmomin da suka kawo baƙi, da sau nawa shafin ya bayyana, da matsalolin da Googlebot ya ci karo da su. A nan ne kuma ake miƙa taswirar shafi, wato jerin dukkan adireshin da ke cikinsa. Duk wanda aka ɗauka aikin SEO, a nemi ya riƙa nuna waɗannan alƙaluma, kuma asusun ya kasance a hannun mai kasuwancin.

Daga 2024 Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman wasu sakamako, abin da ke sa wasu masu bincike su gamsu ba tare da shiga kowane shafi ba. Wannan ya ƙara wa bayanin da mai shafi kaɗai ke da shi daraja, kamar farashin yau, da kayan da ke ƙasa, da hotonsu na gaskiya, da unguwannin da ake kai saƙo.

Jagororin Google sun nuna cewa akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfanin aikin sosai. Don haka wanda ke son kayansa su fito a binciken sallah, tun kafin azumi ya kamata a ce ya gyara takensa, ya rage nauyin hotunansa, ya kuma yi rajistar shagonsa a taswira.